Likkafanin Inna Yana Nan a Misfala

A wannan wata na Safar maigidana ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasar Makka. Ni ce matarsa, Hajara, wadda mutanen Misfala suke kira Hajja mai kaɗi, ko da yake na daɗe rabona da mazari. Da hannuna nake wannan rubutu. Wata malama da aikin hajji ya kawo ta daga gida, ciwon ƙafa kuma ya zaunar da ita a unguwarmu, ita ta tara mu mata ta koya mana boko irin na yaƙi da jahilci. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, da furfura na fara riƙe fensir. Wani alhaji da ya yi jinkirin komawa ya ce zai kai wa masu jarida, tunda takarda ba ta da nauyi.

Malam, wato maigidana, masaƙi ne, ɗan masaƙi. Mutanen Gidan Marke ne mu, wani ƙauye a kudu da birnin Kano. A unguwarsu ƙarar ƙoshiyar saƙa ce take tashin mutum da safe, kuma yaro ba ya iya wucewa a guje sai ya tsallake zaren wani. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, babu macen da ta kai ta sirantar zare a wannan yanki.

Da muka ƙulla niyyar hajji, shekaru kafin babban yaƙin Turawa, Inna ba ta hana ba. Ranar da za mu tashi ta kira shi ɗakinta, ni ina bakin ƙofa. Ta jawo wani burgami na fatar akuya cike da farin zare, ta ajiye a gabansa.

“Audugar bayan ɗakina ce,” in ji ta. “Ni na gurza, ni na shiɓa, ni na kaɗa. Ba na so ka saƙa shi a nan. In ka isa, ka kafa masaƙarka inda kake ganin duwatsun Makka, ka saƙa mini likkafani, ka wanke shi da zamzam, ka kawo mini da hannunka.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, in kika gaji da jira fa?”

Ta ce, “Mahaifinka ne mai gaggawa, shi ya sa ya riga ni. Ni ba inda za ni sai ka dawo.”

Akwai abin da ya kamata in bayyana wa yaran yanzu, don ba na jin sun san shi. A wancan zamani kayan mai tafiya hajji ba ya komawa gida a hannun wani sai in mai shi ya rasu. Idan baƙo ya shigo gari riƙe da sandar mutum, ko buzunsa, ko butarsa, ba a jira ya buɗe baki. Da ganin kayan mata suke fara kuka. Saboda haka da Inna ta ce da hannunka, mu duka mun san abin da take roƙo. Ba likkafani kaɗai take so ba.

Da ƙafa muka fito. Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba, tsofaffinku sun san shi. Mun yi noman ƙodago a Barno, mun yi tsinkar auduga a gonakin Sudan har yatsuna suka tsattsage, kuma a wani zango na can na haifi ɗanmu Musa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, hanyar nan tana da mutane. Kowane zango akwai Bahaushe mai masauki wanda ya san wa ya wuce bara, wa ya rasu, wa ya yi aure ya zauna. Masu komawa gida suna haɗuwa da masu zuwa, a zauna a gindin itace a yi musayar saƙo. Labarin haihuwar Musa haka ya tafi daga baki zuwa baki har ya shiga ɗakin Inna, kuma amsarta ta iske mu kafin mu haye teku: a yi masa addu'a, kuma kada a bar ruwa ya taɓa zarenta. Duk tsawon tafiyar nan burgamin yana kan Malam. Mun sayar da jaki, mun sayar da tasoshina, ba mu kwance bakinsa ba.

Mun shigo Makka daidai lokacin da ake cewa yaƙi ya tashi tsakanin Turawa. Muka yi hajjinmu, muka samu ɗan wuri a Misfala inda 'yan'uwanmu takari suke kafa bukkoki da itace da buhu. Malam ya sassaƙa masaƙa da hannunsa, ya samu dutse ya ɗora a kan kunkuru, wato abin da ke jan zaren daga nesa, ya zauna yana fuskantar dutsen da ke bayan unguwa. A watan azumi ya saƙa likkafanin Inna. Bai haɗa shi da aikin kowa ba, kuma ba ya zama a kansa sai da alwala. Ni na haɗa siraran saƙar da allura. Muka kai shi Harami, ya jiƙa shi da zamzam har sau uku, ya shimfiɗa a kan tsakuwar tsakar masallaci inda sauran alhazai suke shanya nasu. Ina tuna yadda ya tsaya a kansa yana korar tattabaru da hularsa. Da ya bushe muka naɗe, muka mayar cikin burgami, ya ce da zarar an samu ayari sai gida.

Ayari bai samu ba. Jiragen ruwa suka daina zuwa, alhazai suka yi ƙaranci, kuma garin da yake ci daga hannun baƙo ya shiga yunwa. Shinkafa ta ɓace, alkama sai wanda ya san wani. Amma abin mamaki, a wannan ƙuncin ne Malam ya samu aiki irin wanda bai taɓa samu ba, don yadi ma ya ɓace daga kasuwa. Larabawan da suke tsayawa da farko suna dariyar siririyar saƙarmu su ne suka dawo suna yi masa sallama da ladabi. Ana farke tsofaffin katifu a kawo mini audugar, in shiɓa in kaɗa, shi kuma ya saƙa. Daga nan na samu sunan da ake kirana da shi. Ba mu ƙoshi ba, amma ba mu yi roƙo ba.

A cikin shekarun nan muka rasa 'yarmu Binta, tana tatata. Zazzaɓi ne ya same ta a kan yunwa. Ranar babu ko taƙi ɗaya na saƙa a ɗakin, duk masu shi sun karɓa. Idona ya kai kan burgamin da ke rataye, kuma ya ga inda na duba. Ya tashi ya tuɓe farar rigarsa, ita kaɗai gare shi ta zuwa Juma'a, ya farke ta ya wanke. A cikinta aka sa Binta. Ba mu taɓa yin maganar ba har ya bar duniya.

Da aka ce yaƙi ya ƙare, Malam ya yi murna kamar yaro. Ya ce, “Uwar Musa, fara ɗaure kayanki.” Ya ce aikin shekara ɗaya ya ishe mu guzuri. To, jiragen da suka kawo alhazai su ne kuma suka kawo yadi, bandir-bandir, fari tas, mai faɗi, mai laushi, ga arha. Ban ga laifin masu saye ba, ni ma da na shafa sai da na yi sha'awa. Kafin hajji ya zagayo babu mai yi wa Malam sallama. Yakan kafa zare da safe don kada hannu ya manta, ya zauna har azahar, ya naɗe. Da abinci ya gagara sai ya kwance masaƙar ya jingine a bayan ɗaki, ya samu sanda da gwangwanaye biyu ya shiga ga-ruwa, yana hawa da ruwa gidajen da ke kan dutse. Lokacin gemunsa ya fara fari.

A hajji na biyu bayan yaƙi ne Sule ya zo. Sule taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tare suka koyi saƙa a zaure ɗaya. An ɗauke shi soja, ya je yaƙi ƙasar Boma ya dawo, ya koyi tuƙi a can, yanzu kuma yana da mota yana kwasar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa. A mota ya ratsa hanyar da ta ci mu shekaru, ya hau jirgin ruwa, ga shi a ƙofarmu da agogo a hannu da sabon haƙorin Makka a baki. Ya iske Malam yana sauke sandar ruwa daga kafaɗa.

“A'a, gwanin ƙoshiya,” in ji Sule, “ashe gwangwani kake saƙawa yanzu?”

Malam bai ko ɗago ba ya ce, “Uwar Musa, bawana ya zo gaida ubangidansa. A ba shi ruwa, amma a tsohon kofi, kada ya saba.”

Sai suka rungume juna, su biyun suna kuka suna zagin juna. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar bango, na dama musu kunu. Malam bai bari ya kai kofi baki ba ya ce, “Inna fa?”

“Tana nan,” in ji Sule. “Ido ya tafi, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Duk alhajin da ya sauka a yankinmu sai ta sa an ja ta zuwa wurinsa. Ba ta tambaya. Hannunsa take kamawa ta shafa, ta ce sannu da hanya, a mai da ita gida.”

Malam ya ce, “Unguwa fa? Wa ke zaune a gurbina?”

Sule ya yi dariya. “Wace unguwa? Itacen masaƙa an dafa tuwo da shi. Kowa gyaɗa yake yi, Turawa suna saye ko nawa ka kawo. Har bayan ɗakin Inna inda audugarta take, gyaɗa ce yanzu. Mu da muka ga duniya wa zai zauna yana tura ƙoshiya daga safe zuwa magariba? Wanda bai samu tuƙi ba ya tafi birni dako. Kanti ya zo har kasuwarmu. Ko mamaci ma yanzu da yadin akoko ake sa shi, mai hali kuma farin alawayyo.”

Malam ya tashi ya sauko da burgamin, ya warware gefe ɗaya na likkafanin ya nuna masa. Sule ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa. Ya murza zaren tsakanin yatsu, don masaƙi ne shi ma ko ya ƙi, ya ce, “Wannan kaɗin Inna ne. Kawo in kai mata. Cikin wata biyu yana hannunta.”

Ba al'adata ba ce in sa baki in maza suna magana, amma na ce a hankali, “Malam, a ba shi mana. Sai a haɗa da bayani.”

Ya dube ni ba da faɗa ba. Ya ce, “Kin ji abin da ya ce. Hannu take shafawa. In ta shafa likkafani, ta shafa hannun da ya miƙo ta ji ba nawa ba ne, me kike so ta fahimta?”

“Ni zan rantse mata kana raye,” in ji Sule. “Zan ce na gan ka da idona, ka yi ƙiba, ka zama sarkin ruwan Makka.”

“Kai? Tun ranar da ka rantse ba kai ka sha mata nono ba, ga shi a gashin bakinka, Inna ta daina jin rantsuwarka.”

Suka yi dariya, amma ta Sule ba ta yi nisa ba. Ya ce, “Ka saurare ni, ba wasa nake ba yanzu. Wannan al'adar ta mutu. Mutane suna aika kaya ta mota kullum, ba mai kuka.”

“Inna ta san ta mutu?”

Malam ya naɗe likkafanin ya ɗaure bakin burgami. Ya ce, “Ka ce mata an saƙa, an wanke. Ka ce baɗi ina tafe.”

“Da wace takarda? Hanyar da ka bi babu ita. Zangon da kuka sauka mota ba ta tsayawa a can, masu masaukin sun watse. Kowace iyaka yanzu akwai mai kaki yana tambayar fasfo da shaidar allura. Ƙafa ba ta kai mutum gida yanzu, ɗan'uwa.”

“Ita ta kawo ni,” in ji Malam.

Haka Sule ya tafi da saƙon baki. Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Wani lokaci in ce Malam ya yi kuskure, wani lokaci in ce shi kaɗai ne a cikinmu ya san Inna. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Bayan hajji ya bi wata motar kaya zuwa Jidda, ya sami ofishin da ake ba mutanen ƙasarmu takardar komawa. Suka ce ya kawo abin da zai nuna shi mutumin can ne. Ya cire hula ya nuna musu tsagen fuskarsa. Ya ce mini ma'aikacin bai yi masa wulakanci ba, har kujera ya ba shi, amma ya ce tsage ba ya shiga takarda, sai ya kawo shaidu da hoto da kuɗin jirgi na mutum huɗu, don lokacin mun sami 'yarmu Amina. Ga-ruwa kuwa abin da ya samu da safe shi ake ci da rana. Ya dawo ya ƙara yawan hawan da yake yi. Tun da asuba nake jin ƙarar gwangwanayensa, har rana ta take yana kan dutse.

Ƙirji ne ya kama shi. Ya yi tari wata da watanni yana ɓoyewa, ran nan ya faɗi da ruwan a kan matakala, maƙwabta suka kawo shi a kan ƙyaure. Bai daɗe a kwance ba. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ya sa na sauko da burgamin na ajiye kusa da shi. Ya ɗora hannu a kai. Ya ce, “Uwar Musa, yanzu kam ana iya aikawa.”

Da aka zo shirya shi, wata maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce, “Hajja, ga likkafani wankakke da zamzam a ɗakinki, saƙar hannunsa, me ake jira?” Na ce yana da mai shi. Maza suka haɗa hannu suka yanko alawayyo a kanti. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana saƙa wa mutane sutura, a yadin inji aka kai shi. Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Na ɗauka abin da ya rage mai sauƙi ne. In sami mutumin yankinmu in ba shi, ya kai wa Inna, ta shafa ta gane. Shi ya sa ban aika mata labarin rasuwar da baki ba. Na ce ba zan bari ta ji a bakin kasuwa cewa ɗanta ya mutu, hannunta kuma babu komai ba. Kayan da labarin su isa tare, yadda aka saba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina neman wannan mutumin. Sule bai sake zuwa ba, an ce ya koma kudu da motocinsa. Alhazan kuma sun sake. Yanzu ta sama suke zuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata da matansu, mutanen birni. Duk shekara ina sa mayafina in bi gidajen da ake sauke su, in yi sallama in ce ko akwai mutumin Gidan Marke. Sai su dubi juna. Wasu su ce ba su taɓa jin sunan ba. Wasu kafin in gama magana sun miƙo mini sadaka, don sun ga takari a ƙofa. Ba na jin haushi, nakan ce ba ita ta kawo ni ba, in gode in wuce. Mutanen ƙauye irinmu, waɗanda dā su ne cikar hanya, ba su da abin hawa jirgi, ƙafa kuma an rufe mata hanya.

Sau ɗaya na kusa. Wata Hajiya 'yar birni, mai kirki, ta saurare ni har ta yi hawaye, ta ce tana da ɗan'uwa mai sayen gyaɗa a wajenmu, zai nemo ƙauyen. Na ba ta burgamin. Na dawo gida na zauna ina kallon ƙusar da burgamin yake rataye, ban san ko daɗi nake ji ko me ba. Washegari da hantsi sai ga ta da kanta a ƙofata, burgamin a hannu, kunya ta rufe ta. Ta ce, “Yaya, ki yafe mini. An ce kayana sun wuce awo, jirgi ba ya ɗauka. Ga keken ɗinki, ga dardumomi, ga gwangwanin zamzam, kowanne da mai jiransa a gida.” Na ce ba komai, Allah ya kai ku lafiya. Ban taɓa sanin ana auna saƙo ba sai ranar.

Za ku ce me ya hana ni kaiwa da kaina. Abin da ya hana Malam shi ya hana ni, har da ƙari. An ce mini ko na samu na fita, shigowa kuma sai da wata takardar da ba ni da ita. Amina ta yi aure a nan, tana da goyo. Binta da mahaifinta suna kwance a nan. Musa ya zama direba, yana jan motar wani kamfani tsakanin Jidda da Makka, ya sami iƙamarsa, wato izinin zama, kuma shi yake riƙe da ni. Yaro ne mai biyayya, sai dai Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai in da ni yake magana. Kwanaki ya iske ni ina shanya likkafanin a igiya, kamar yadda nake yi duk Safar saboda asu.

Ya ce, “Ya Ummi, halas, ya isa haka mana. Tsohuwar nan ta rasu tun tuni, lissafa shekarunta. Ki ajiye wa kanki, ai mai kyau ne.”

Na ce, “Kakarka ce.”

“Ban san ta ba, Ummi.”

“Ita ta san ka. Ta aiko a yi maka addu'a tun ba ka yi haƙori ba.”

Sai ya kama mini ɗaya gefen muka miƙe shi a igiya. Ya shafa ya ce, “Wallahi kamar buhu.” Ba da raini ya faɗa ba. Bai taɓa sa saƙar hannu a jikinsa ba tun da ya yi wayo.

Nakan zauna in ce da Malam zai leƙo yau, me zai ce? An kawo famfo bakin layinmu, mata suna tara ruwa suna hira, a daidai gindin matakalar da ya faɗi. Ana ta rushe tsofaffin gidaje don faɗaɗa Harami, har an ce wata rana za a iso wajenmu. Alhazai suna ba da labari cewa Turawa suna shirin tafiya, 'ya'yanmu ne za su riƙe ƙasa, an kafa makarantu, har an gina wata babbar masaƙa ta inji a Kaduna wadda take fitar da yadi dare da rana. Ina jin zai yi murna da famfon, don ya san nauyin ruwa. Zai yi murna mace ta zo hajji ta koma ba ta binne ɗa a hanya ba. Ba mutum ne mai ƙin sauƙi ba. Amma na san shi, zai saurara har a gama, sannan ya tambaya a hankali: to, a cikin duk wannan, wa zai bi ta Gidan Marke? Dā tafiyar shekaru ce, amma saƙo yana isa. Yanzu kwana ɗaya ce, ga shi na rasa mai kaiwa. Ni ban iya warware wannan ba, kuma ban ga wanda zan kai ƙararsa ba, don babu wanda ya yi mana da gangan.

A hajjin da ya wuce na haɗu da wani dattijo mai sayar da fata, wanda yake cin kasuwannin kudu da Kano. Ya ce ya taɓa jin labarin wata tsohuwa makauniya, ta tsufa ƙwarai, da ake ja zuwa wurin alhazai tana shafa hannuwansu. Bai san sunan ƙauyen ba, bai kuma san ko bara ne ya ji ko shekaru biyar da suka wuce ba. Na roƙe shi ya tafi da kayan. Ya ce shi ba zai ɗauki amanar da bai san ƙofar da zai ajiye ta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mai yiwuwa wata ce daban, iyayen da suke jira suna da yawa. Mai yiwuwa kuma ita ce. Ai Inna ta ce ba inda za ta.

Abin da ya rage na Malam a duniya ba shi da yawa. Itacen masaƙar mun ƙona shi a wata shekara da gawayi ya yi tsada. Ƙoshiyarsa tana cikin akwatina. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, amma jikokinsa ba za su san me ake kira kunkuru ba. Aikin hannunsa duk ya tsufa a jikin mutane ya yage, in ban da wannan guda ɗaya da bai yarda a taɓa ba, ko don 'yarsa, ni kuma ban yarda ba ko don shi. Launinsa ya koma kamar na madara, amma zare ko ɗaya bai tsinke ba.

Tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Na tambayi malamarmu kafin ta koma, ta ce rubutawa ba kira ba ne. To, ga shi, don wanda ya san shi ya gane: Isyaku masaƙi, ɗan Inna Gambo mai kaɗi, na unguwar masaƙa a Gidan Marke.

Idan jaridar nan ta shiga hannun wani na yankinmu, ina roƙonsa don Allah ya taka ya duba mini. In ta rasu, a aiko mini in sani, in yi mata addu'ar da ta dace. In kuwa tana nan, duk wanda Allah ya kira hajji baɗi daga wajen, ya rage mini ɗan wuri a kayansa. Ya zo Misfala, layin famfo, ya tambayi Hajja mai kaɗi. Ba shi da nauyin da za a ce ya hana jirgi tashi.

Sai dai abu ɗaya. Kada wani ya karanta mata wannan takarda, kada kuma a gaya mata abin da ke cikinta. A bari sai an sa mata burgamin a cinya, ta kwance, ta ji zarenta, sannan ta shafa hannun wanda ya kawo. Ba sai an yi mata bayani ba.